Toyota Land Cruiser 70

Toyota Land Cruiser 70, wadda ake taƙaita sunanta da J70, mota ce mai jan ƙafa huɗu da kamfanin Toyota na ƙasar Japan yake ƙerawa tun daga watan Nuwamba na shekarar 1984. An yi ta ne domin aiki a wuraren da babu kwalta, kamar hamada, daji, tsaunuka, manyan gonaki da filayen haƙar ma'adinai. Ita ce ta gaji samfurin Land Cruiser 40, kuma tana cikin motocin da aka fi daɗewa ana ƙera su ba tare da an taɓa asalin tsarinsu ba. A Najeriya tana cikin motocin da ake kira jif, a Nijar da maƙwabtanta masu amfani da Faransanci ana cewa kat-kat, a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa ana kiran mai buɗaɗɗen baya shas.

Motar ta yi suna wajen ƙarko. Tushen wannan ƙarko shi ne sauƙin tsarinta: kayanta masu kauri ne, kuma yawancinsu bakanike zai iya kwance su ya mayar da kayan aiki na yau da kullum. Sai dai tsawon rayuwar kowace mota ɗaya ya dogara da irin man da ake zuba mata, da yi mata juye a kan kari, da rashin ɗora mata nauyin da ya wuce ƙa'ida.

Tarihi

Asalin Land Cruiser yana komawa ga shekarar 1951, lokacin da Toyota ya ƙera wata mota mai suna BJ. An sa mata sunan Land Cruiser a 1954. Samfurin 40, wanda ya fito a 1960, shi ne ya kai sunan zuwa Afirka, Gabas ta Tsakiya, Kudancin Amurka da Ostireliya. Bayan shekaru 24 sai aka maye gurbinsa da samfurin 70, wanda ya zo da sabon jiki mai faɗi amma ya riƙe shasi da ƙafafu irin na aikin ƙarfi.

Tun farko an raba dangin gida biyu. Akwai masu aikin nauyi, akwai kuma marasa nauyi da aka yi wa sifirin mai laushi domin jin daɗin fasinja. Waɗannan na biyun ne aka sa wa suna Prado a 1990, kuma daga 1996 suka zama samfuri mai zaman kansa.

Muhimman sauye-sauyen da aka yi wa motar sun haɗa da:

- 1990: an kawo injin dizal na 1HZ mai silinda shida.
- 1999: an sauya sifirin ɗin gaba daga mai falle-falle zuwa mai murɗe, an rage notocin taya daga shida zuwa biyar, kuma nau'in 75 ya rabu ya zama 78 da 79.
- 2007: an faɗaɗa gaban motar domin ya ɗauki injin dizal mai silinda takwas.
- 2012: an fito da nau'in 79 mai ƙofa huɗu.
- 2023: an sabunta fuskar motar, aka dawo da fitilu masu da'ira, aka kuma kawo inji mai silinda huɗu da giya mai sarrafa kanta.

A Japan an daina sayar da ita a 2004 saboda dokokin hayaƙi. An dawo da ita na ɗan lokaci a 2014 albarkacin cikarta shekara 30, sannan ta sake shiga kasuwar ƙasar a ƙarshen 2023. Ba a taɓa sayar da ita sabuwa a Amurka ba, masu sha'awarta a can sukan shigo da waɗanda suka haura shekara 25, kamar yadda dokar ƙasar ta yarda. Ana ƙera mafi yawansu a masana'antar Yoshiwara da ke lardin Aichi, kuma daga 2015 an riƙa harhaɗa wasu a garin Ovar na ƙasar Fotugal domin kasuwar Afirka ta Kudu.

Nau'o'i

Lambar da ke ƙarshen sunan motar tana nuna siffar jikinta da tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya:

- 70 da 71: gajeriya mai ƙofa biyu a gefe, tazarar milimita 2,310.
- 73 da 74: matsakaiciya, milimita 2,600.
- 76 da 77: mai ƙofa huɗu a gefe da rufaffen baya, milimita 2,730.
- 75 da 78: doguwa, milimita 2,980. Nau'in 78 rufaffiya ce mai dogon rufi, ana kiranta Troop Carrier, kuma a wasu kasuwanni tana da mazaunin mutum 13, mafi yawansu a kan benci biyu masu fuskantar juna.
- 79: a-kori-kura mai ƙofa biyu ko huɗu, milimita 3,180.

Haruffan da ke gaban lambar kuwa suna nuna injin. HZJ79 na nufin nau'in 79 mai injin 1HZ, VDJ76 nau'in 76 ce mai injin 1VD, GRJ mai injin fetur na 1GR, GDJ kuma mai injin 1GD. Sanin wannan lamba yana da muhimmanci wajen sayen kayan gyara, domin motoci biyu masu kama ɗaya a ido na iya bambanta a birki, kuloci da akwatin giya.

Tsarin motar

Jikin motar a ɗaure yake da notoci a kan shasi mai siffar tsani. Gaba da baya duka aksil guda ne na ƙarfe wanda ya haɗa tayar dama da ta hagu. Wannan tsari yana sa motar jijjiga a kan kwalta, amma yana jure duka a kan duwatsu da ramuka, kuma ba shi da gaɓoɓi masu yawa da za su lalace.

A tafiyar yau da kullum ƙafafun baya kaɗai ke jan motar. Akwai ƙaramin akwatin giya na biyu mai sandarsa daban, wanda ke da matsayi uku na aiki. H2 na tafiya ne a kan kwalta, H4 na haɗa ƙafafu huɗu a kan yashi ko burji, L4 kuma na rage gudu ya ƙara ƙarfi domin hawan tudu ko fita daga laka. A yawancin motocin sai direba ya sauka ya murɗa makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba kafin ƙarfi ya isa gare su. Ba a tafiya da H4 ko L4 a kan busasshiyar kwalta, saboda babu abin da ke daidaita juyin gaba da na baya. Idan aka yi kwana a haka, ƙarfin yakan taru a farfela da haƙoran giya har ya cinye su ko ya karya wani abu.

A tsakiyar kowane aksil akwai difaranshiyal, wato akwatin haƙoran da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Illarsa ita ce idan taya ɗaya ta rataya a sama ko ta faɗa santsi, duk ƙarfin sai ya tafi gare ta. Saboda haka wasu motocin suna zuwa da makullin da ke tilasta tayoyin biyu su juya tare.

Injuna

An yi amfani da injuna da dama, daga 3B da 2H na dizal da 3F na fetur a shekarun farko. Waɗanda suka fi yawa a yau su ne:

- 1HZ: dizal, lita 4.2, silinda shida a jere, ba shi da tobo. Yana ba da kilowat 96, kimanin ƙarfin doki 129, da ƙarfin juyi Nm 285. Famfonsa na mai yana aiki ba tare da dogaro da kwamfuta ba.
- 1VD-FTV: dizal, lita 4.5, silinda takwas da tobo. Kilowat 151 da Nm 430.
- 1GD-FTV: dizal, lita 2.8, silinda huɗu da tobo. Kilowat 150, da Nm 500 idan an haɗa shi da giya mai sarrafa kanta mai hawa shida.
- 1GR-FE: fetur, lita 4.0, silinda shida. Ya fi yawa a ƙasashen Larabawa inda fetur ke da araha.

Ko da yake 1HZ ne mafi rauni a cikinsu, shi ne ya fi karɓuwa a karkarar Afirka, domin yana jure man da ba shi da tsabta sosai, kuma kanikawa sun san shi. Injunan 1VD da 1GD suna fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi ƙarƙashin kulawar kwamfuta, don haka ɗan ruwa ko ƙasa a cikin mai na iya lalata nozul da famfo gaba ɗaya. A 2024 Toyota ya sanar da daina kai mai silinda takwas kasuwar Ostireliya.

Mallaka

Motar tana riƙe darajarta fiye da yawancin motoci, shi ya sa ko tsohuwa ba ta yin arha. Ana samun ta sabuwa daga dillalan Toyota, ko ta hannu daga Dubai da Turai, ko a gwanjon ƙungiyoyin agaji da kamfanoni. A Afirka ta Yamma motocin hannu da yawa na shigowa ta tashoshin ruwa na Kwatano, Lome da Legas. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017, abin da ya sa tantance takardun kwastan ya zama wajibi ga mai saye.

Gefen sitiyari ma abin dubawa ne. Motocin da aka yi wa Japan, Ostireliya, Kenya da Afirka ta Kudu sitiyarinsu a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya a 1972, Ghana ta bi sahu a 1974, kuma haka ake tuƙi a Nijar, Chadi da Kamaru, don haka waɗannan ƙasashe mota mai sitiyari a hagu suke buƙata. Motar da aka mayar wa sitiyari ta hanyar yanka da walda tana da haɗari, domin gurbin da akwatin sitiyari ke zama a jikin shasi wuri ne da ke ɗaukar ƙarfi mai yawa.

Abubuwan da masana ke dubawa kafin sayen ta hannu sun haɗa da:

- Lambar shasi, ko ta dace da ta takardu, kuma babu alamar an goge ta an sake bugawa.
- Tsatsa a shasi, ƙasan ƙafar direba, kewayen gilashin gaba da bakin rufi. Motocin da suka yi aiki a ramin ma'adinai ko bakin teku sun fi kamuwa.
- Tsagewa ko walda a shasi, musamman kusa da mazaunin sifirin ɗin baya, wanda alama ce ta yawan lodi.
- Tayar da inji da sanyin safiya. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba, ko hayaƙi mai shuɗi, ko iska mai ƙarfi da ke fitowa daga murfin baƙin mai, duk suna nuna inji ya gaji.
- Shigar H4 da L4 da fitarsu, da ƙarar ƙas-ƙas daga ƙafafun gaba idan an karya sitiyari.
- Cinyewar feda, sitiyari da kujera idan aka kwatanta da abin da agogon kilomita ya nuna, domin ana iya mayar da agogon baya.

Mai saye ya kamata ya san iyakar motar. Tana da tsayi da nauyi, tana buƙatar fili kafin ta juya, tana shan mai fiye da ƙaramar mota, kuma tsofaffin ba su da jakar iska ko birkin ABS. A Ostireliya an sa jakunkunan iska a 2009, ABS a 2012, na'urar hana zamewa kuma a 2016, amma ba kowace kasuwa ce ta samu waɗannan a lokaci ɗaya ba.

Kulawa da gyara

Littafin da ke zuwa da motar ya raba aiki gida biyu, na yau da kullum da mai tsanani. Ƙura, zafi, yashi, jan tirela da doguwar tafiya a kan burji duk suna cikin aiki mai tsanani, wanda shi ne halin da yawancin waɗannan motoci ke ciki a yankin Sahel.

Baƙin mai da matatu. A aiki mai tsanani ana yi wa injin dizal juye duk bayan kimanin kilomita 5,000. Yawan sinadarin sulfa a cikin man dizal yana saurin lalata baƙin mai. Ƙungiyar ECOWAS ta amince a 2020 da iyakar kashi 50 cikin miliyan, yayin da ta Turai take kashi 10, kuma man da ake saye a jarka ko duro yakan zo da ruwa da ƙasa. Matatar man dizal tana da wurin tara ruwa a ƙasanta da fitilar gargaɗi a gaban direba. Idan fitilar ta kama, ana tsayawa a zubar da ruwan, sannan a danna ƙaramin famfon hannu da ke samanta har iska ta fita. Matatar iska kuwa a lokacin hunturu tana buƙatar dubawa akai-akai. Idan ta huje ko bakinta bai zauna daidai ba, ƙura za ta shiga ta cinye ringi da bangon silinda.

Bel ɗin taimin. Injin 1HZ yana amfani da bel wajen daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. Ana sauya shi a kilomita 100,000 a tsofaffin injuna, ko 150,000 a na baya-bayan nan, kuma akwai fitila mai rubutun T-BELT da ke tunatarwa. Idan ya tsinke inji na aiki, fistin zai daki bawul, gyaran da ya ninka kuɗin bel sau da yawa.

Sanyaya inji. Zafi ne babban abokin gabar kan silinda. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin gishiri da tsatsa a cikin lagireto, don haka ruwan sanyaya inji na musamman ake so. Ciyayi da ƙwari da ke toshe fuskar lagireto suna buƙatar wankewa. Al'adar cire tamostat da wasu kanikawa ke yi a ƙasashe masu zafi ba ta warkar da matsalar, ɓoye ta kawai take yi, kuma tana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba.

Ƙafafun gaba. A ƙarshen aksil ɗin gaba akwai wata ƙwallon ƙarfe da gaɓar da ke juya taya take ciki, cike da giris. Idan robar da ke raba man aksil da giris ta mutu, sai su gauraya su riƙa tsiyaya a bayan taya. Wannan alama ce ta lokacin kwance wurin, a wanke, a sauya robobi da boris. Farfela ma tana da bakunan giris da ake cikawa a kowane juye.

Bayan shiga ruwa. Kamfanin ya ƙayyade zurfin ruwan da motar za ta iya ratsawa a milimita 700. Aksil mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta hancin numfashinsa. Man da ya koma fari kamar madara ya gurɓace, dole a zubar da shi. Laka kuma tana cika birkin hannu, wanda dama an san shi da yawan buƙatar saiti a wannan mota. A mai silinda takwas, na'urar cajin batir tana ƙasa-ƙasa, inda ruwa da taɓo ke saurin samun ta.

Tayoyi. A kan yashi mai laushi direbobi sukan rage iska zuwa wajen rabin ta kwalta, domin tayar ta shimfiɗu ta hau kan yashin maimakon ta haƙa rami. Da an dawo kan hanya mai tauri dole a mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe. Motoci da yawa suna zuwa da rim mai zobe da ake cirewa, wanda ke sauƙaƙa faci a daji. Amma zoben da bai zauna daidai ba na iya fincikewa lokacin ba da iska ya kashe mutum, saboda haka ana sace iskar gaba ɗaya kafin a taɓa shi, kuma ba a tsayawa a gabansa lokacin hurawa.

Jabun kayan gyara, musamman matatu, boris da takalman birki masu ɗauke da tambarin Toyota, matsala ce a kasuwanni da dama. Jabun matatar mai kaɗai ta isa ta kashe inji.

Kwaskwarima da ƙarin kaya

Land Cruiser 70 tana cikin motocin da aka fi yi wa ƙarin kaya a duniya. Cibiyar wannan sana'a ita ce Ostireliya, inda kamfanoni irin su ARB da TJM suka kafu tun shekarun 1970. Ƙa'idar da ta shafi kowane ƙari ita ce, duk abin da aka samu a wani gefe ana biyan kuɗinsa a wani gefen.

Nauyi. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka rubuta a farantin da ke jikinta, wanda ya haɗa motar, mai, mutane da kaya. A Ostireliya iyakar ta kai kilo 3,510 tun daga 2022, kuma abin da ya rage na lodi bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Garkuwar ƙarfe ta gaba tare da winci na iya kusantar kilo 100. Lita 100 na ruwa kilo 100 ne, lita 100 na dizal kuma ya haura kilo 80. Idan aka ƙara batir na biyu, kariya, safaya biyu da fasinjoji, ana iya wuce iyaka kafin a ɗora kayan tafiya. Mota mai nauyi fiye da kima tana daɗewa kafin ta tsaya, tana karya sifirin, tana tsaga shasi. Nauyin da aka ɗora a kan rufi ya fi kowanne haɗari, domin yana sauƙaƙa kifewa a kwana ko a gefen tudun yashi.

Ɗaga mota. Ƙarin da aka fi yi shi ne na kimanin milimita 50, ta hanyar sauya sifirin da shokozoba. Ɗagawar tana sauya kusurwar ƙafafun gaba, sai motar ta riƙa yawo a kan hanya idan ba a daidaita ba. A tsofaffin motoci akwai bawul da ke auna lodi ya raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, shi ma sai an sake saita shi. Ɗaga sifirin ba ya ƙara tazarar da ke tsakanin aksil da ƙasa, taya ce kaɗai ke yin haka.

Manyan tayoyi. Tayar 265/70R16 tana da tsayin kusan milimita 777, ta 285/75R16 kuma kusan 834. Sauyawar tana ɗaga aksil da milimita 28 kacal, amma tana sa agogon gudu ya nuna 100 alhali motar na gudun kusan 107. Tana kuma rage ƙarfin tashi da na birki, ta ƙara shan mai da wahalar kuloci.

Bambancin faɗin ƙafafu. Da aka faɗaɗa gaban motar a 2007 ba a faɗaɗa bayanta daidai da shi ba. A masu silinda takwas ƙafafun baya sun fi na gaba matsewa da kusan milimita 95, don haka a yashi ba sa bin sawun na gaba. Wasu na gyara wannan da sauya aksil ɗin baya, wasu da sa faranti tsakanin rim da aksil. Hanya ta biyu ta fi arha, amma tana ƙara wa boris da notoci nauyi, kuma dokokin wasu ƙasashe sun hana ta.

Bututun shan iska. Bututun da ke hawa gefen gilashin gaba yana ɗauko iska daga sama, inda ƙura ba ta kai ta ƙasa yawa ba. Wanda ke zuwa daga masana'anta an yi shi ne saboda ƙura, gaɓoɓinsa ba a toshe suke ba. Ko an sa wanda ba ya shan ruwa, bai kare wayoyin lantarki, akwatin giya da aksil ba.

Tobo a kan 1HZ. Mutane da yawa na ƙara tobo domin magance rashin gudun wannan inji. Sai dai fistin da kan silindarsa ba a yi su domin wannan zafi ba, sabanin na ɗan uwansa 1HD da ya zo da tobo daga masana'anta. Idan aka buɗe mai da yawa, zafin hayaƙi na iya tsaga fistin. Masu yin aikin da kyau sukan taƙaita matsin iska, su kuma sa agogon auna zafin hayaƙi.

Tanki da lantarki. Motocin baya-bayan nan suna da tankin lita 130, nau'in 78 kuma a wasu kasuwanni yana da tankuna biyu masu lita 90 kowanne. Motar da ke shan lita 13 a kilomita 100 za ta yi kilomita 1,000 da lita 130, amma a yashi shan mai yana ƙaruwa sosai. Batir na biyu domin firji ko rediyon sadarwa yana buƙatar fis da na'urar da ke raba shi da batir ɗin tayar da inji, domin wayoyin da aka ja babu fis suna cikin abubuwan da ke jawo gobara.

Kayan ceto. Ana ɗaura igiyar ja ne a ƙugiyar da aka ɗaure da shasi. Ƙwallon jan tirela ba wurin ɗaura igiya ba ne, yana iya tsinkewa ya tashi kamar harsashi, kuma an sha rasa rayuka ta haka.

Doka. Sauya inji, launi ko siffar jiki yana buƙatar a gyara takardun mota, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya idan ba a sanar da shi ba. A Najeriya gilashi mai duhu yana buƙatar izinin 'yan sanda, mota mai sulke kuwa sai da takardar amincewa daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro.

Amfani a duniya

A Ostireliya manoma, makiyaya da kamfanonin ma'adinai ne manyan masu sayenta. A Afirka da Asiya hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyar Red Cross da ƙungiyar likitoci ta MSF suna amfani da nau'in 78 da 76 wajen kai magani, allurar rigakafi da ma'aikata, kuma ana mayar da da yawa motocin ɗaukar marasa lafiya. Kamfanin Toyota Gibraltar Stockholdings ya ƙware wajen tanadar wa irin waɗannan ƙungiyoyi motoci. A gandayen namun daji na Kenya da Tanzaniya ana tsawaita jikinta a buɗe rufin domin masu yawon buɗe ido. A arewacin Nijar, Chadi da Mali tana cikin motocin da ke haɗa garuruwan hamada, inda tazarar da ke tsakanin rijiya da rijiya ke sa lalacewar mota ta zama batun rai da mutuwa.

Ƙarkon da ya sa masu agaji ke son ta shi ne kuma ya ja hankalin masu ɗauke da makamai. Kashi na ƙarshe na yaƙin Chadi da Libiya, a 1986 zuwa 1987, ana kiransa Yaƙin Toyota, saboda sojojin Chadi sun yi amfani da a-kori-kura na Land Cruiser da Hilux ɗauke da makamai masu linzami na MILAN suka fatattaki tankokin Libiya a Fada a watan Janairun 1987, sannan a Wadi Dum a watan Maris. Tun daga lokacin ake ganin irin waɗannan motoci a rikice-rikicen Somaliya, Sudan, Libiya da yankin Sahel. A Darfur da gabashin Chadi, a shekarun 2000, fashin motocin ƙungiyoyin agaji ya yi yawa har wasu ƙungiyoyin suka koma hayar ƙananan motocin da 'yan bindiga ba su damu da su ba. Saboda haka a yankunan da ke fama da rashin tsaro, mallakar nau'in 79 yana zuwa da haɗarin sata da kuma yawan bincike a shingayen jami'an tsaro.